"Call a spade a spade": me take nufi, kuma da gaske zagin baƙar fata ce?

"Assalamu alaikum Malam. Dan Allah ina da tambaya. A ofis ɗinmu ogana kullum in ana mitin sai ya ce let's call a spade a spade, har ni ma na ɗauka ina faɗa. To kwanaki muna mitin ta intanet da abokan aikinmu na Amurka sai na faɗe ta, bayan an tashi wata daga cikinsu ta turo min saƙo a gefe wai in daina, wai maganar tana da alaƙa da zagin baƙar fata. Abin ya ɗaure min kai, ni da nake baƙi. Mece ce ainihin ma'anarta, daga ina ta fito, kuma in daina ne ko in ci gaba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah ɗan'uwa. In na fahimce ka abu uku kake nema, ma'anar maganar, asalinta, sannan ko baiwar Allah nan da ta turo maka saƙo tana da gaskiya. Bari in fara taɓa na ƙarshen don na san shi ne ya tsaya maka a rai. Maganar nan ba daga zagin baƙar fata ta fito ba, ta girmi zagin da kusan shekara 400 a cikin Turanci kaɗai, in ka koma Girkanci kuwa sai ka ƙara fiye da shekara dubu a kai. Amma kuma matar ba ƙirƙira ta yi ba, akwai dalilin da ya sa kunnen wasu Amurkawa ba ya son jin ta, kuma dalilin ya cancanci a saurare shi. Ni sana'ata koyar da Turanci ce da fassara, kuma wannan magana tana cikin waɗanda aka fi kawo min, saboda mu a Najeriya muna matuƙar son ta, ɗan siyasa ya faɗa, ɗan jarida ya rubuta, lauya ya faɗa a talabijin, ɗalibi ya cusa ta a insha'i ko ta dace ko ba ta dace ba.

Ma'anarta

Spade shebur ne, amma irin na haƙa, mai shafaffen baki wanda ake taka shi da ƙafa a tura cikin ƙasa. Ɗan'uwansa mai ɗan zurfi da lebura ke kwasar yashi da shi a wurin gini shi ne shovel, mu dai duka shebur muke ce musu. To kaga in ka bi maganar kalma da kalma cewa take ka kira shebur da sunan shebur. Abin da ake nufi shi ne ka kira abu da sunansa na gaskiya, kar ka nemo masa wani suna mai taushi don kunya ko tsoro ko don kar ran wani ya ɓaci.

A nan ne mutane da yawa suke ɗan kauce wa hanya, suna ɗauka maganar tana nufin faɗin gaskiya kowace iri. A'a, ta fi haka ƙunci. Ana amfani da ita ne a inda akwai wani abu mara daɗi da kowa ya sani, amma an haɗu an lulluɓe shi da wani suna. Ma'aikaci ya kwashe kuɗin ofis, kwamiti ya zauna ya rubuta rahoto wai an samu 'yan kura-kurai a lissafi. Ɗan sanda ko ma'aikacin gwamnati ya karɓi cin hanci a ce na goro ne, ko na shan ruwa, ko ihsani. Mutumin da zai ɗago kai ya ce jama'a wannan fa sata ce, wannan cin hanci ne, to shi ne ya yi abin da maganar take nufi. Bai kawo wani sabon labari ba, kowa a ɗakin ya riga ya sani, sunan kawai ya mayar wa abin.

Na taɓa gani da idona a wata makaranta da na koyar. Jarrabawar fita ta gabato, aka kira taron malamai, ana ta maganar kuɗin da iyaye za su haɗa, wani ya ce kuɗin taimako, wani ya ce kuɗin kula da baƙi, wani ya ce ai don a sauƙaƙa wa yara ne, ana ta juya takardu ba wanda ke kallon idon wani. Akwai wani dattijon malamin lissafi a can kujerar baya, tunda aka fara bai ce uffan ba, sai ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya ce, ranka ya daɗe, kuɗin da za a ba masu sa ido don su kau da kai yara su saci amsa, shi ake nufi ko? Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar fanka. Bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba, ranka ya daɗe ma ya fara da ita. Duk sanda zan koyar da wannan karin magana shi nake kawo wa ɗalibai, don ya fi duk wani bayani da ke cikin ƙamus.

Inda ta samo asali

Labarin ya faro ne daga ƙasar Girka. Akwai wani gari a arewacin ƙasar mai suna Olintus, gari ne babba mai arziki, shi ne jagoran garuruwan yankinsa. Sarki Filibus na biyu na Makidoniya, wato mahaifin Iskandar mai girma, ya kawo masa yaƙi, ya ci shi a shekara ta 348 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam. A lokacin Dimostenis, shahararren mai iya magana na birnin Atina, ya yi jawabai har uku yana roƙon mutanensa su kai wa Olintus ɗauki, amma ɗaukin da aka kai bai hana komai ba. Kuma ba ƙarfin takobi kaɗai ya ci garin ba, daga ciki aka sayar da shi. Biyu daga cikin shugabannin mahaya dawakin garin, Lastenis da Yutikiratis, su suka haɗa baki da Filibus. Shi dama Filibus an san shi da wannan, har ana danganta masa maganar cewa babu ganuwar da ba za ta ciwu ba matuƙar jaki ɗauke da zinare zai iya hawa ya shiga. Da garin ya faɗi aka rushe shi, aka sayar da mutanensa bayi.

To bayan ƙura ta lafa sai su Lastenis suka samu kansu cikin mutanen Filibus, su kuma Makidoniyawa duk inda suka gan su sai su ce ga maciya amana nan. Abin ya dame su suka kai ƙara wurin sarki, wai mutanenka suna kiranmu maciya amana. Amsar da Filibus ya ba su ita ce tushen maganar da kake tambaya a kai. Ya ce musu Makidoniyawa mutane ne 'yan ƙauye marasa wayewa, komi, wato abin nan da ake zuba wa dabbobi abinci a ciki, sai su kira shi komi.

Ka duba amsar nan da kyau, don ni ita ce ta fi burge ni a duk labarin. A sama kamar haƙuri yake ba su, kamar yana cewa ku yi haƙuri da mutanena ba su iya magana ba. A ƙasa kuwa ya tabbatar musu da cewa sunan da aka kira su da shi nasu ne, mutanena ba su iya ƙarya ba ne kawai, abin da suka gani shi suka faɗa. Ya ci moriyarsu, ya ba su abin da ya ba su, amma bai yarda ya wanke su ba. Bahaushe da ya ji wannan zai ce ai shaguɓe ne, kuma haka ne, maganar da duniya ta ɗauka a matsayin tutar magana kai tsaye a cikin shaguɓe aka haife ta.

Wanda ya kawo mana labarin shi ne marubucin Girka Fulutak, a Turanci ana rubuta sunan Plutarch, a cikin tarin maganganun sarakuna da sarakunan yaƙi da ya haɗa. Sai dai a riƙe abu ɗaya, an haifi Fulutak ne kusan shekara 400 bayan mutuwar Filibus, don haka labari ne da ya gada daga na gaba da shi, irin yadda mu ma muke da maganganun da ake jingina wa sarakunan da. Kuma alamu sun nuna maganar dama tana yawo a bakin Girkawa a matsayin karin magana. Wani marubucin, Lusiyan, a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, da yake bayanin irin halin da ya kamata marubucin tarihi ya kasance da shi, ya ce ya zama mara tsoro, wanda ba a saye, mai kiran ɓaure ɓaure, komi komi, kuma shi kansa ya ce daga wani mai wasan barkwanci ya aro ta. Kenan cikakkiyar maganar guda biyu ce, da ɓaure da komi. Shebur babu shi ko kaɗan.

To ina aka samo shebur?

Kalmar da ke cikin Girkancin ita ce skaphe, abin da aka fafe cikinsa, kamar inda ake zuba wa dabbobi abinci ko ruwa, ko babban akushi, ko ƙaramin jirgin ruwa na itace. Shi ya sa na fassara ta da komi, don komi a Hausa ma haka yake, na dabbobi komi ne, kwale-kwalen da aka fafe daga gungumen itace shi ma komi ne. Akwai kuma wata kalmar mai kama da ita, skapheion, ita kuwa abin haƙa ce. Duka biyun daga saiwa ɗaya suka fito, kalmar da ke nufin haƙa, ɗaya abin da aka haƙe, ɗaya abin da ake haƙa da shi.

Sai aka zo ƙarni na 16, zamanin da Turawa suka duƙufa wajen tono littattafan Girka suna mayar da su Latinanci. Babban malamin wannan zamani shi ne Erasmus, mutumin Rotadam a ƙasar Holand, wanda ya mutu a 1536. A 1531 ya fitar da tarin maganganun magabata, yawanci daga Fulutak ya ɗebo, da ya zo kan amsar Filibus sai ya sa kalmar Latinanci ligo, wadda ke nufin abin haƙa irin su fartanya. Haka ma a tarin karin maganarsa ya rubuta ta, ɓaure ɓaure, fartanya fartanya. Yawancin masana sun tafi a kan cewa kalmomin biyu ne suka rikice masa. Wasu kuma suna ganin da gangan ya kauce, don akwai masu cewa ɓaure da komi suna da wata ma'ana ta batsa a bakin 'yan wasan barkwancin Girka. Ni na fi karkata ga na farkon, don duk wanda ya yi aikin fassara ya san yadda kalmomi biyu 'yan gida ɗaya suke yaudarar ido, ballantana a zamanin da ake aiki da rubutun hannu da ƙamus da bai cika ba.

Daga nan sai wani malamin makaranta ɗan Ingila, Nikolas Udal, wanda ya taɓa zama hedimasta a makarantar Iton, ya fassara wani ɓangare na littafin Erasmus zuwa Turanci a 1542. Shi daga Latinancin ya yi aiki, ya ga abin haƙa, sai ya sa abin haƙan da Bature ya fi sani, spade. A fassararsa Filibus yana cewa Makidoniyawa ba su da basirar da za su kira spade da wani suna in ba spade ba. Nan maganar ta shiga Turanci. Kaga tafiyar kenan, komi a Girkanci, fartanya a Latinanci, shebur a Turanci, amma ma'anar ba ta motsa ba ko kaɗan, saboda dama ba abin da aka ambata ne ke ɗauke da ma'anar ba, maimaita sunan ne. Shi ya sa kowane harshe ya sa nasa. Mutanen Sifen suna cewa burodi burodi, giya giya. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci sun san appeler un chat un chat, kiran kyanwa kyanwa, wadda mawaƙin Faransa Buwalo ya shahara da ita a 1666 inda ya ce shi kyanwa yake kira kyanwa, wani lauya na Faris mai suna Role kuma ya kira shi macuci. Ka lura shi ma da mutum ya ƙare, kamar dai Filibus.

Akwai wani abu da ya biyo maganar tun daga Makidoniya har Ingila wanda mu a nan ba mu cika lura da shi ba, wato warin ƙauyanci. Tun asali wanda ke kiran abu da sunansa ana kallonsa a matsayin wanda bai goge ba. A wani wasan kwaikwayo na Oska Wayil na 1895, 'yan mata biyu suna cacar baki, ɗaya ta ce ita in ta ga shebur shebur take kiransa, ɗayar ta mayar mata da cewa ita kam ta gode ba ta taɓa ganin shebur ba, alamar ba a aji ɗaya suka taso ba. Kenan a wurin Bature maganar tana iya zama yabo, tana iya zama ɗan rage daraja, ya danganta da mai faɗa da wanda ake faɗa a kansa. Turawan Ingila ma suna da wata ƙari, call a spade a bloody shovel, ga mutumin da ya wuce faɗin gaskiya ya shiga gatsali. Mu kuma a Afirka, musamman wajen Kenya da Uganda, za ka ji an ƙara mata jela, and not a big spoon, wato kar a ce babban cokali ne.

Batun zagin

Yanzu ga inda abokiyar aikinka ta shigo. A Turanci spade guda biyu ne masu rubutu iri ɗaya. Na farko shebur ɗin da muka gama magana a kai, tsohuwar kalmar Turanci ce tun fil azal. Na biyu yana cikin karta, ɗaya daga cikin zane huɗun nan, baƙin mai kama da ganye mai tsini a sama. Shi wannan daga Italiyanci ya shigo, inda spade ke nufin takubba, don a kartar Italiya takubba ake zanawa. In aka bi su can can baya kalmomin biyu dangi ne, amma ta ƙofa daban-daban suka shiga Turanci kuma aikinsu daban.

Saboda zanen kartar baƙi ne sai Turawa suka samu wata magana, black as the ace of spades, ga abin da ya yi baƙi ƙirin. Daga nan ne a Amurka, wajen shekarun 1920, aka fara kiran baƙar fata spade. Ɗaya daga cikin wuraren farko da aka ga kalmar a rubuce da wannan ma'ana shi ne littafin Home to Harlem na Kulod Makay, marubuci baƙar fata haifaffen Jamaika, wanda ya fito a 1928. Da tafiya ta yi tafiya kalmar ta zama zagi sosai a bakin farar fata, har ta ƙetara Ingila bayan yaƙin duniya na biyu lokacin da baƙaƙe daga tsibiran Karibiyan suka fara zuwa da yawa. Ka lissafa daga 1542 zuwa 1928, shekara 386 kenan karin maganar tana yawo ba ruwanta da launin fatar kowa.

Amma ka sa kanka a matsayin baƙin Amurka da ya taso yana jin an kira kakansa ko babansa spade, sannan wani ya tsaya a gabansa ya ce bari mu kira spade da sunan spade. Ko mai maganar bai nufi komai ba kunne ya riga ya ji abin da ya ji. Ƙari a kan haka akwai masu wariya da suka riƙa amfani da karin maganar da gangan, su faɗe ta suna murmushi, in an yi magana su ce ai karin magana ce tsohuwa. Wannan shi ya ɓata ta a can. Har wani farfesa masanin karin magana a jami'ar Bamont ta Amurka, Wolfgang Mieder, ya rubuta littafi sukutum a kanta a 2002, yana bin sawunta daga Girka har zuwa inda ta gamu da zagin. Don haka in wani ya ce maka asalinta wariyar launin fata ne, tarihi bai goyi bayansa ba. In kuma ya ce maka a Amurka akwai waɗanda take sosa wa rai, wannan gaskiya ne, kuma sanin tarihin ba ya cire musu zafin.

Shawarata

A Najeriya da Gana da sauran ƙasashenmu ka ci gaba da abinka, ba wanda zai kawo wata fassara a ransa, ogan naka ma bai yi laifin komai ba. A Ingila har yanzu ana jin ta a bakin mutane da jaridu, duk da akwai masu kauce mata. A Amurka kuwa, ko a duk mitin da Amurkawa ke ciki, ni shawarata ka ajiye ta. Ba don ka yi laifi ba, sai don ba ka da asarar komai in ka bar ta, kuma maganar da aka yi ta don a fayyace abu in ta zama ita ce ke jawo ruɗani to ta daina aikinta. Kana magana kan matsalar aiki, rabin mutanen suna can suna tunanin kalmar da ka faɗa, kaga an bar jaki ana dukan taiki. Kuma kasancewarka baƙi ba ya canza lissafin sosai, don ba kai kaɗai ke ɗakin ba. Su kansu Amurkawan ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan, wani zai ji ta bai ji komai ba, wani zai ji ta ya ɗaure fuska, kai kuma daga bayan kwamfuta ba ka da hanyar gane wanne ne wanne.

Abin da za ka sa a madadinta yana da yawa. Let's be frank, ko to put it plainly, ko let's call it what it is, wannan ta ƙarshen ita ce ta fi kusa da ma'anar gaba ɗaya. Akwai tell it like it is da Amurkawa ke so. Akwai I won't mince words, mince shi ne yayyanka nama ƙanana-ƙanana, wato ba zan daddatsa maganar don ta yi sauƙin haɗiya ba. Kishiyarsu duka ita ce beat about the bush, kewaye-kewaye, wadda ta fito daga farautar tsuntsaye inda wasu ke dukan ciyawa a gefe kafin a kai ga kamun.

In kuma za ka yi amfani da ita a inda ta dace, dan Allah ka kula da abu biyu da nake yawan gyarawa a takardun ɗalibai. Na farko kar ka yar da a ɗin nan guda biyu, call a spade a spade ne, ba call spade spade ba, karin magana ba a rage mata gaɓa. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, in ka faɗe ta to dole abin da zai biyo baya ya zama sunan abin. Sau da yawa sai ka ga ɗalibi ya rubuta ta da ƙarfinsa sannan ya bi ta da there are some challenges, ko ɗan siyasa ya buga tebur ya faɗe ta sannan ya shiga kwana-kwana na minti goma. Wanda ya yi haka ya yi alkawari ne bai cika ba. Haka kuma ba a amfani da ita a gaban yabo, ba ka cewa bari in kira shebur shebur, shugabanmu mutumin kirki ne, sai dai in a wurin kowa tsoron yabonsa yake.

Yadda za ka faɗe ta da Hausa

Kar ka ce kiran shebur shebur a gaban wanda bai yi boko ba, zai kalle ka ne kawai. Mu muna da namu. In ana rufa-rufa ne kake son a daina, ka ce a kira abu da sunansa, ko a daina kwana-kwana, ko mu faɗa wa kanmu gaskiya. In mutum ya fito da abin da kowa ke ɓoyewa, ya fasa ƙwai. In ya bi abin tun daga tushe bai rage komai ba, ya feɗe biri har wutsiya. In halinsa ne a ce ba ya ɓoye-ɓoye, ko yana tsage gaskiya komai ɗacinta. Ni a fassarar labarai na fi amfani da a kira abu da sunansa, don ita ce ke riƙe da batun suna ɗin, sauran kowace ta ɗan karkata wani gefe.

Sai dai akwai wani abu da nake jan hankalin ɗalibaina a kai duk sanda muka zo nan, don wasu da sun koyi maganar sai su ɗauka lasisin rashin kunya aka ba su. Mu mutane ne masu kara da alkunya, kuma ba kowane sakaya suna ne rufa-rufa ba. In muka ce wane ya rasu, ko wance ta samu ƙaruwa, ko zan zaga baya, ba wanda aka cuta, ladabi ne, kuma harshen da ya rasa irin wannan ya yi asara. Sakayawar da karin maganar nan take yaƙa ita ce wadda ke kare ɓarna, wadda in an canza wa abu suna sai hukuncinsa ya canza a zuciyar mutane. Akwai hadisi a Sunan Abi Dawud da Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam ya ce wasu mutane daga al'ummarsa za su sha giya suna kiranta da wani suna ba nata ba. Kaga tun can an nuna mana cewa canza suna ƙofa ce ta halatta abu. A ɗaya gefen kuma, a suratu Ɗaha aya ta 44, da Allah ya aiki Annabi Musa da Annabi Haruna wurin Fir'auna cewa ya yi su faɗa masa magana mai taushi. Saƙon bai ragu ba, lafazin ne aka tausasa. Haka dattijon malamin lissafin nan ya yi, sunan abin ya faɗa ƙarara, amma da ranka ya daɗe ya buɗe baki.

Ita kuma abokiyar aikin taka, ni a ganina ta kyauta maka, tunda a gefe ta same ka ba ta tsinka ka a gaban mutane ba. Ka mayar mata da saƙo gajere, ka gode mata, ka ce a nan ƙasarmu magana ce ta yau da kullum kuma ba a san ta da waccan ma'anar ba, amma ka ji kuma za ka kiyaye. In ka ga tana da sha'awa sai ka ba ta labarin Filibus da komi da Erasmus, in ba ta tambaya ba kar ka tura mata lacca, don zai zama kamar kare kanka kake. Ogan naka kuma ka ɗan sanar da shi a keɓe kafin mitin na gaba da Amurkawan, tunda ka ce kullum tana bakinsa.